Gawar da Ta Yi Atishawa

Ku zo nan, dukanku. Sa'adu, ajiye wayar nan. Rakiya, bar tukunyar, ba za ta gudu ba. Kai ma babbansu da ba na kiran sunanka, jawo tabarma ka zauna, gemunka bai hana ka zama ɗana ba. Tun jiya kuke cika mini kunne da gardama, wai akwai matattun da ke tashi daga kabari suna yawo cikin gari, wai zombi. Wannan ya ce ƙaryar fim ce, wannan ta ce ƙawarta ta ga mamaci da idonta a kasuwar wani gari yana sayen barkono. Ni ban shiga aji ba, amma ku saurara.

Ga ta nan, ga ta nanku, manyan banza.

"Ta zo mu ji ta, Inna."

Ban ji muryar Sa'adu ba.

"Ta zo mu ji ta, mun baza kunne!"

Yawwa.

A wani gari da ake kira Tudun Gawo an yi wata tsohuwa, sunanta Tasalla. Aikinta wankan gawar mata. Shekara talatin tana yi. Ba ta taɓa tona asirin jikin kowa ba, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. In Tasalla ta fito daga ɗaki ta ce ta gama, ko liman ba ya ƙara tambaya.

A garin kuma akwai wata mace, Marka, matar Nomau manomi. Ta haifi 'ya mace aka sa mata Kyauta. Kwana ashirin da haihuwa, Marka tana wankan jego, ruwa na tafasa, ana fyaɗa mata da ganye, sai ta yanke jiki ta faɗi. Aka jijjiga ta, shiru. Aka zuba mata ruwan sanyi, shiru. Aka kira sunanta cikin kunne, shiru. Mata suka sa kuka, aka ce rai ya yi halinsa.

Aka kira Tasalla. Lokacin damina ce, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. An riga an haƙa kabari, maza suna ƙofar gida da makara, kowa na duban sama, kada ruwa ya cika ramin.

Tasalla ta fara wanka. Ta ɗaga hannun Marka, sai ta ji hammatarta da ɗumi. Ta tsaya. Daga waje Nomau ya ce, "Iya Tasalla, kin gama?"

Ta ce a ranta, ai zafin ruwan jego ne bai sake ta ba. Ta ci gaba.

Ta zo wanke fuska, sai ta ga fatar ido ta ɗan motsa. Ta tsaya. Daga waje mai gari ya ce, "Tasalla, iska ta taso fa!"

Ta ce a ranta, ai ƙuda ne ya gifta. Ta ci gaba.

Ta zo ɗaure ƙafafu, sai ta ji babban yatsa ya ture mata hannu. Ta tsaya cik. Daga waje liman da kansa ya ɗaga murya: "Baiwar Allah, ba a jinkirta gawa. Ki miƙo mana ita."

To, ku gaya mini, wace mace ce za ta leƙo ta ce wa liman da mai gari da maza arba'in su ajiye makara su jira, don ta ji yatsa ya motsa? In aka jira ruwa ya cika kabari, kuma gawa ta zama gawa, da wane ido za ta dube su? Ta ce a ranta, hannuna ne ke rawa, tsufa ne. Ta naɗe likkafani, ta fito ta ce, "Na gama."

Aka yi salla, aka kai ta, aka jera itace, aka tura ƙasa da sauri-sauri. Ba su kai gida ba ruwa ya kece.

Kura tana laɓe bayan geza tana kallon komai. Kwananta huɗu ba ta sa komai a baki ba. Ruwa na ɗaukewa da la'asar ta ce, "Jiran duhu na masu ƙoshi ne." Ta zo ta hau tono. Ƙasa jiƙaƙƙa, aiki ya yi sauƙi. Ta ture itace, ta ciji bakin likkafani ta wajen ƙafa, ta jawo. Iska mai sanyi ta bugi gawa.

Gawa ta ce, "Atishaa!"

Kura ta yi tsalle da baya ta faɗa cikin taɓo. Gawa ta tashi zaune, ta yaye ƙyalle daga fuska, ta ce, "Alhamdu lillahi. Ina ne nan?"

Kura ta ce, "Ke gawa, koma ki kwanta!"

"Wace ce gawa?"

"Ke mana! A gabana aka yi miki salla. Sahu uku, na ƙirga."

"Ni dai ƙirjina ya cika da nono. Ina 'yata?"

Kura ta matso a hankali, ta sansana ƙafarta, ta sansana hammatarta, ta sansana wuyanta, ta yi tsaki. Ta ce, "Warin nono da kunun kanwa. Tun da uwata ta koya mini wannan sana'a ban taɓa tono abincin da ya tambaye ni 'yarsa ba. Tashi ki ba ni wuri. Mutanen garinku ba su iya aiki ba." Ta kaɗa wutsiya ta shige daji tana mita.

Marka ta yafa likkafaninta ta nufi gari, tana tafe tana dafa itatuwa.

Ta fara isa rijiya. Mata suka ɗago suka gan ta, suka saki guga da igiya cikin rijiya, kowa ta kama gabanta.

Ta isa ƙofar gidan mijinta. Maza suna zaune zaman makoki. Suka watse, aka bar takalma da hula da buta. Nomau ya faɗa zaure ya danne ƙofa da bayansa. Ta ce, "Malam, buɗe, ni ce." Yana kuka ya ce, "Marka, in na yi miki laifi ki yafe mini, ki koma inda aka sa ki."

Ta zagaya bayan gida inda ɗakinta yake, ta ji kukan Kyauta a hannun kakarta Hakama, mahaifiyar Marka. Ta ce, "Inna, miƙo mini ita ta kan katanga." Hakama ta ce, "Markata tana ƙarƙashin ƙasa. Ko ke wace ce, ba za ki tafi mini da jika ba."

Samari suka zo da duwatsu. Marka ta ja jiki ta fita bakin gari, ta zauna gindin gawo. Daga nan tana jiyo kukan 'yarta. Sai ta ɗauki waƙa. In na yi, ku ce "Yi shiru, Kyauta."

Nono ya cika, ƙofa ta rufu,
"Yi shiru, Kyauta."
Uwarki na nan gindin gawo,
"Yi shiru, Kyauta."
Sun ce na mutu, ni yunwarki nake ji,
"Yi shiru, Kyauta."

Gari ya taru a ƙofar mai gari. Wani ya ce fatalwa ce, tana da abin da ta bari ne ta dawo ɗauka. Aka ce ai fatalwa ba ta taka ƙasa, wannan kuwa ga sawunta cikin taɓo, har da faso. Wata ta ce maye ne ya kama kurwarta ya sa a tulu, yanzu yana kora gangar jikin ta yi masa noma. Aka ce in haka ne me ya sa ba ta nufi gona ba, ta nufi 'yarta? Wani ya ce ai irinsu ba su da inuwa. Aka tura mai kaifin ido ya hango, ya dawo ya ce inuwa tana nan zaune tare da ita.

Liman ya yi gyaran murya. Mutum ne mai ilimi, ba ya faɗin abin da bai karanta ba. Ya ce, "Ku daina wannan surutu. Wanda ya mutu ba ya dawowa duniya. Yana can a tsare sai ranar da za a tashi kowa. Abu biyu ne kawai: ko dai ba ta mutu ba tun farko, ko kuwa aljana ce ta ari kamanninta."

Mai gari ya ce, "Wa ya wanke ta?"

Aka ce, "Tasalla."

"Tasalla ta taɓa wanke mai rai?"

Gari duka ya ce, "Haba! Tasalla fa!"

"To, aljana ce. A ba ta kwana uku. In ba ta tafi ba, a turara mata barkono, a kora ta daji da jifa."

Tasalla tana tsaye bayan mata. Ba wanda ya ga dalilin tambayarta. Kun ga abin? Sunanta mai kyau shi ne ya tsaya a ƙofa ya hana Marka shiga.

Kyauta kuwa ta ƙi komai. Aka ba ta nonon akuya, ta tofar. Aka kai ta wurin wata mai goyo, ta kawar da kai. Aka ɗiga mata ruwan koko, ya dawo.

Rana ta farko, Tasalla ta dama kunun kanwa ta kai kusa da gawo, ta ajiye ta juya da sauri. Marka ta ce, "Iya, har ke?" Tasalla ba ta waiwaya ba. Ta wuce mahauta inda Ungulu ke zama kan katanga. So take wani masani ya ce mata matar nan matacciya ce, ko zuciyarta ta huta.

Ta ce, "Ungulu, sannu da hutawa. Ke kin san mushe tun daga sama. Waccan ta gindin gawo fa?"

Ungulu ta ce, "Kada ki tuna mini. Sau uku na zagaya ta, na sauko da ladabi, ta ɗauki hoge ta jefe ni. Dubi kaina. Dama gashin bai da yawa."

"Ko aljana ce?"

"Aljana tana zubar da nono har ƙuda ya bi ta? Iya, ina da aiki."

Ranar nan kukan Kyauta har bakin gari ake jin sa.

Rana ta biyu, Tasalla ta kai kunu, ta wuce maƙabarta wurin Gara. Ta durƙusa bakin suri ta ce, "Gara, ku ne baƙin farko a kowane kabari. Kun shiga na Marka?"

Gara ta ce, "Mun shiga, ni da dangina. Muka tarar ana buga ganga cikin ƙirjinta, a hankali, dum, dum. Muka ce mai gida yana nan, muka koma muka ci itacen."

"Ba kuskuren ji kuka yi ba?"

"Mu da ba mu da ido? Ji shi ne duk abin da muka mallaka."

Ranar nan kukan Kyauta ya dishe, sai na cikin gida ke jin sa.

Rana ta uku da safe, Tasalla ta ɗauki sanda ta shiga daji har bakin ramin Kura. Ta yi sallama. Kura ta leƙo ta ce, "Au, ke ce mai wankan? Ke ce kika sa na yi tono a banza?"

Tasalla ta ce, "Tambaya na zo yi."

Kura ta ce, "Ba tambaya kika zo yi ba. Kin je wurin Ungulu, kin je wurin Gara, labari ya iso ni. Wanda zai yi miki ƙarya kike nema. Ni ɓarauniya ce, kowa ya sani, amma hancina ba ya ƙarya. Na sansano hannunki a hammatarta. Hannun ya daɗe a wurin, ya fi na wanka daɗewa. Me kika tsaya ji?"



Ta ƙara da cewa, "Kin riga ni sani, tsohuwa. Ni na ji atishawa na saki. Ke kin ji me kika naɗe?"

Tasalla ta kasa kunne wajen gari. Ba kuka. Ko kaɗan.

Ta jefar da sandar. Tsohuwar da ke tafiya da ƙafa uku ta zo gari da gudu, ɗankwali a hannu. Ta tarar maza sun haɗa garwashi cikin kasko, barkono a ƙwarya, samari sun cika riguna da duwatsu. Ta ratsa tsakiyarsu ta tsaya gaban mai gari, inda mace ba ta tsayawa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ajiye wutar nan. Liman ya ce abu biyu ne. To, na farkon ne. Marka ba ta mutu ba. Da rai na wanke ta."



Ta ci gaba, "Na ji ɗumi a hammatarta, na ce ruwan jego ne. Na ga idonta ya motsa, na ce ƙuda ne. Yatsanta ya ture ni, na ce tsufa ne. Ba ruwan jego ba ne, ba ƙuda ba ne, ba tsufa ba ne. Muryarku na ji tsoro. Na fi jin kunyar maza arba'in a kan ran mace ɗaya. Ga ni."

Wani mahauci, Ɗangali, ya yi kukan kura ya fito: "Uwata fa? Ke kika wanke ta bara!"

Ta dube shi ta ce, "Uwarka ta yi sanyi ta sandare kafin in taɓa ta, Ɗangali. Wannan na sani. Amma kana da ikon ka ƙi yarda da ni, na sayar da amincina da hannuna."

Hakama ta fito daga cikin mata, ta zo ta kwaɗa wa Tasalla mari, har haƙori ɗaya da ya rage mata a sama ya girgiza. Tasalla ba ta ko dafa kunci ba. Ta ce, "Ki ƙara, Hakama, na cancanci fiye da haka. Amma ki bari sai yarinya ta sha nono."

Duk da haka ba wanda ya motsa. Kunne ya ji, ƙafa ba ta yarda ba. Nomau kansa ya toge a inda yake. Sai Tasalla ta juya ta nufi gawo ita kaɗai, gari na kallo. Ta isa ta durƙusa gaban Marka, ita da a shekaru ta isa ta haifi uwarta. Ta kwance mayafinta ta lulluɓe ta, ta zare likkafanin ta naɗe a hammata, ta ce, "Ni na sa miki shi, ni zan cire. Tashi, 'yar nan."

Ta riƙo hannunta suka taho. Mutane suna darewa kamar an jefa dutse cikin kaji. Tasalla tana cewa, "Ku taɓa ta! Ni da na san sanyin gawa ina gaya muku hannun nan ya fi nawa zafi!" Suka shiga zaure, suka shiga ɗaki. Kyauta tana kwance, leɓe ya bushe, ido a rufe. Marka ta ɗauke ta ta sa mata nono a baki. Shiru. Ta matsa ya ɗiga kan harshe. Shiru. Ta sake matsawa, tana kiran sunanta.

Sai yarinya ta cafke.

Har zaure aka ji ƙarar zuƙa, cakwal, cakwal. Ta sha wannan ta koma wancan. Ta yi gyatsa kamar babban mutum, sannan ta tsula wa uwarta fitsari a cinya. Hakama ta zube ƙasa ta rungume su biyun tana kuka. Nomau ya shigo da rarrafe.

A waje liman ya cire rawaninsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Jama'a, ku shaida. Kira na uku ni na yi shi. An ce a gaggauta da mamaci, ba a ce a gaggauta yanke cewa ya mutu ba. Ita ta faɗi nata a gaban kowa, ni ma ga nawa."

Tun daga ranar, a Tudun Gawo, ba a taɓa gawa da ruwa sai an ɗora zaren auduga a hanci an zauna an jira, a kira mai sani ya duba. Kuma namiji ba ya ɗaga murya a ƙofar ɗakin wanka, ko sama za ta faɗo.

To, kun ji. Mamaci ba ya tashi sai ranar da Ubangiji ya tashe shi. In kun ga wani ya fito daga kabari, kada ku nemi dutse, ku nemi wanda ya yi garaje. Kuma mace irin Tasalla, da za ta tsaya gaban gari ta rushe sunan shekara talatin da bakinta don jaririyar wata ta sha nono, ba a kowane gari ake samunta ba.

Ƙurunƙus kan ɓera, nawa ya ƙare, saura naku.

Don gari ya rabu biyu a kanta, kuma ba su shirya ba. Su Hakama da Ɗangali suka ce har abada hannunta ba zai ƙara taɓa nasu ba, wadda ta ji motsi ta naɗe ba ta da wanka. Marka kuwa ta ce ranar da tata ta gaskiya ta zo, in Tasalla tana raye, ita za a kira, don yanzu ba wanda ya isa ya sa ta sauri. Ni na tsufa, kuma ku ne za ku tsaya a ƙofar ɗakina wata rana kuna neman wadda za ku aika a kira. Wadda ta yi kuskure ta faɗa, ko wadda ba a taɓa jin nata ba? Kada ku ce mini duk ɗaya ne. Babbansu, kai za ka fara. Ku yanke mini yanzu, ina zaune ina jin ku.